Mai Tsaron Hanya Ba Ya Waiwaye

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Marleen ce ta kawo littafin nan. Wai in riƙa rubuta abin da ke cina maimakon in riƙa yi wa rediyo tsawa, don maƙwabta suna ji ta bango. 'Yar da na haifa ce yau take koya mini yadda ake fushi. Ina ɗan shekara goma sha biyu na bar makaranta na shiga gonar dankali, kuma har gobe alƙalami ya fi mini shebur nauyi. To ga shi ina rubutawa, amma ba don ta ce ba.

Jerin tseren kekuna na farkon shekara ya fito a jarida yau. A gidan nan matata Elza ce ke kwafe shi a kalandar kicin da jan biro. Bana ni na kwafa. Rubutuna ya ƙi zama a cikin gidajen kwanakin, yana tsallakawa kamar kaji a lambun maƙwabci.

Ga yadda suka jera abin. Mako mai zuwa Ostareliya, suna tsere muna barci, wa ya aike su. Daga nan hamadar Larabawa, hanya miƙe kamar igiyar shanya, ba ɗan kallo sai raƙumi. Sai kudancin Sifen, inda suke zuwa shan lemo da gasa ƙwauri a rana. Duk wannan miƙa ce kawai ta wanda ya tashi daga barci. Shekara ba ta farawa sai Asabar ɗaya ga Maris, ranar da za su taso daga Gent su zo duwatsun hanyoyinmu su karkaɗa musu haƙora. Kashegari na Kuurne. Sai na farar ƙurar Italiya, sai na Faransa wanda ke gangarawa kudu neman rana, sai dogon nan na bakin teku da mutum zai yi gyangyaɗi har yamma ya farka ya ga ƙarshe bai rasa komai ba. Sannan su dawo gida su yi ta shan wuya har zuwa Ronde, babban tserenmu, Lahadin farko a Afrilu, wanda ko Fadan cocinmu yakan gajarta wa'azi dominsa.

Huɗu ne suke bi ta ƙauyenmu, na zagaye su da ja. Duka huɗun ina Kwanar Coci, a gindin tudu, da rigata ruwan ɗorawa da usur da faifan tsayar da motoci. Wurina ne tun Marleen ba ta da haƙori.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan azahar

Marleen ta zo ɗaukata zuwa gidan can, gidan kula da tsofaffi da aka kai Elza. Ban je ba. Ɗakin tattabaru yana yoyo, ba zai gyara kansa ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, ƙarfe biyar da rabi

Sun ci amanata, kuma a gaban kowa.

Yau ne ƙungiyarmu ta masu tsaron hanya ta yi rabon wuraren tsayuwa a mashayar Irma, kamar kowace shekara. Ba wani rabo ba ne, kowa ya san wurinsa, ana zuwa ne a sha kofi a yi ƙaryar tseren da. Staf ne shugaba. Benci ɗaya muka zauna da shi a makaranta, shi ya zarce ni na fita, kuma tun daga ranar yake magana kamar yana karanta wa mutum takarda. Ya sa tabarau ya fara kiran sunaye. Sai na ji, "Kwanar Coci, Dirk."

Dirk mijin 'yarsa ne, mai sayar da inshora.

Na ce, "Staf, tabaranka ya yi hazo. Goge ka sake dubawa."

Ya ce, "Na duba, Odiel. Bana an canza musu hanya, za su ratsa cikin gari kafin su hau tudu. An samu sabon wuri a bakin Layin Gidan Waya." Ya ɗan yi tari. "Kai na ba."

Kowa ya san ginin da ke kan Layin Gidan Waya, gidan can ne. Nan take duk suka sunkuya suna leƙen kofunansu kamar an jefa musu zobe a ciki.

Na ce, "Layin da ko kare ba ya bi? Me zan tsayar a can, keken guragu?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban so yadda maganar ta fito ba.

Staf ya ce, "Masu shirya tseren sun ce gindin tudu sai mai ƙafa. Shekarunka saba'in da takwas."

"Kai kuma jiya aka yanke maka cibiya?"

Irma ta turo mini kofi ta ce, "Sha da zafinsa, tsoho, zuciyar ce ya kamata ta huce ba kofin ba."

Na bar mata shi a wurin. Ina fita na ji Staf yana ci gaba da karatunsa kamar ba a yi komai ba.

Lahadi, 26 ga Janairu, da rana

Ban je ba. Ruwan sama.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta wannan, tunda ba mai saurarena in na faɗa da baki.

Mai tsaron hanya ba ya kallon tsere. Dokar farko ke nan kuma ita ce ta ƙarshe. In motar jar tuta ta wuce, ka shiga bakin layinka, ka juya wa tseren baya, ka ɗaga faifai, idonka a kan motoci da yara da karnuka da mashaya. Ba ka sauke hannu sai motar koriyar tuta ta wuce. Ranar da ka ce bari in ɗan waiwaya in ga wa ke gaba, ranar mai burodi zai ɓullo da motarsa ta gefenka. Ni duk shekarun nan ban taɓa ganin tsere a Kwanar Coci ba. Jinsa nake yi a ƙeyata. Da farko jirgi mai saukar ungulu, sai babura, sai ƙarar nan ta kekuna a kan dutse kamar an juye akwatin cokula a kan bene, sai iskarsu ta ɗaga mini gindin riga.

Elza ce idona. Takan tsaya a gabana da flas ɗin miya a hammata, tana leƙawa ta saman kafaɗata, tana faɗa mini. "Uku sun ɓalle, ɗaya namu ne. Garken na nan tafe, ba nisa. Kar ka waiwaya, kan dutse." Haka take ce mini, kan dutse. In an gama mu sha miyar a murfin flas ɗaya, ta ba ni labarin wanda bakinsa ke buɗe da wanda ƙafarsa ta mutu, kuma ba ta cika kuskure ba, wanda ta ce ya mutu ba ya kai ƙarshe.

Yanzu a ce Dirk. Mutumin da ko a jana'iza wayarsa na hannu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Yau ranar cin fanke ce, Marleen ta kawo nata. Sun yi kauri kamar tafin takalmi. Na Elza ana iya karanta jarida ta cikinsu. Na ci uku don kada a ce.

Ta tsaya tana kallon kalanda ta ce, "Baba, kai ka rubuta wannan?"

"A'a, tattabaru ne."

"Mama za ta so ta gani."

Na ci gaba da tauna. Ta ce, "Ta yi tambaya jiya."

Na ce, "Da sunana?"

Ta fara tattara faranti.

"Marleen, da sunana ta tambaya?"

"Ta ce yaushe mutumin nan zai dawo."

Na ce, "Mai gyaran hitar ɗaki ke nan."

"Baba, likita ya ce haka abin yake, wata rana..."

Na ce mata likita bai yi shekara hamsin da uku yana kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ranar Kirsimeti na sa kwat ɗina na aure, na aske gemu, na sayi furen da ban taɓa saya ba. A gaban ma'aikata da matar mai kantin nama ta dube ni ta ce sannu da zuwa malam, hitar ce ke ƙara da daddare. Kuma na durƙusa na duba hitar. Me zan yi? Ba abin da ya same ta ma.

Ban je ba. Na ce wa Marleen fanken yana son gishiri.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na taka zuwa Kwanar Coci, don in ga halin da hanya ke ciki ne kawai. Tarakta ta zubar da laka daidai inda suke karya kwana, kuma dutse biyu sun ɗago. A da ni nake zuwa da tsintsiyar ƙarfe mako guda kafin tsere. Bana sai mai inshora ya zo ya share da lasisinsa.

A cikin lambatu, ƙarƙashin matattun ganye, na ga wani abu ja. Murfin flas ɗinmu ne. Tun Disamba yake nan ke nan. 'Yan sanda sun kawo flas ɗin tare da Elza, ranar da ta fita ta ɓata, da bargon da suka lulluɓe ta, murfin ne ba su gani ba.

Wa ke yin tsere a Disamba, da asuba, cikin ƙanƙara.

Ba zan rubuta wannan ba. Na wanke shi na mayar a kan flas.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ban je ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na tare Fada a bakin kantin burodi, tunda kwanar a gindin cocinsa take, na ce ya sa baki. Ya ce shi ba ruwansa da rabon hanya, sai dai hanyar sama. Na ce to wannan ma ban ga ya cika ta da mutane ba. Sai ya dafa ni ya ce ya ga Elza ranar Litinin, ta rera waƙar coci daga farko har ƙarshe ba ta tsallake baiti ba. Ni na tambaye shi? Garin nan kowa ya ga Elza, kowa sai ya ba ni labari. Mai kawo wasiƙa ya gan ta, matar mai nama ta gan ta. An mayar da matata kamar sabuwar gada.

Burodi ma sun rage masa girma.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da yamma

Ban je ba. Marleen ba ta ma fito daga mota ba, ta yi oda sau biyu ta ja. Halin uwarta sak.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu

Na koma mashayar Irma don gidan ya yi mini shiru da yawa, ba don na huce ba. Ta kunna tseren hamada. Mutum ɗari da wani abu suna tafe a jere kamar masu raka gawa, yashi dama yashi hagu.

Irma ta ce, "Ka ga rana, Odiel. Mu nan mun manta kamarta."

Na ce, "Tseren da mutum zai gama fuskarsa fes, uwarsa ta gane shi, wannan yawon buɗe ido ne."

Sai ga Dirk da sabuwar rigar tsaro, ko ninkin leda bai sake ta ba. Ya ja kujera ya ce, "Baba Odiel, dama ina nemanka, ka ba ni shawara. A kwanar nan, ta wane gefe ake tsayawa a fi ganinsu da kyau? Ina so in ɗaukar wa yara hoto."

Na dube shi, na dubi Staf da ke can lungu yana ɓuya a bayan jarida.

Na ce, "Staf, ka ji abin da surukinka ya ce?"

"Zai koya."

"A kan gawar wa?"

Dirk ya ce shi wasa yake yi. Ba wasa yake ba. Na tashi na kama shi ta kafaɗa na juya shi ya fuskanci bango, na ce haka za ka tsaya, abin da za ka gani ke nan, in ba za ka iya ba ka zauna gida ka sayar wa matattu inshora. Irma ta yi dariya har ta zubar da madara. Dirk ya tsaya yana kallon bango kamar ɗalibin da aka hora, ya ce, "To wa zai faɗa mini wanda ke gaba?"

Na biya kofina na fito.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, bayan azahar

Na kai wa Staf faifansa da usur har gida. Rigar tawa ce, Elza ta sake mata aljihu, ba zan bayar ba.

Yana cikin lambu yana yi wa itacen tuffa aski. Na ajiye kayan a kan baro na ce, "Ga shi. Ka nemi wani tsohon ka jingine a Layin Gidan Waya."

Bai ko sauko daga tsani ba. Ya ce, "Ka je ka ga wurin?"

"Na san wurin."

"Ban ce ka san shi ba. Ka je ka tsaya a kan murfin lambatu, ka juya wa babbar hanya baya yadda kake koya wa mutane a mashaya, sannan ka zo ka ajiye aiki."

"Ba ka isa ka aike ni ba, Staf."

"Tun muna aji biyu ban isa ba. Ɗauki kayanka daga barona, zan zuba taki."

Na ɗauka don kada taki ya ɓata su. Kayan ƙungiya ne.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da rana

Ban je ba. Saura kwana shida. Na ce wa rediyo abin da na ce, maƙwabta su ji.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe biyu

Na je sayen hatsin tattabaru, kuma hanyar ta nan ta bi, ba wai na je ba ne.

Na tsaya a kan murfin lambatun. Na juya wa babbar hanya baya.

Ƙofar gidan ce a gabana. Taku kaɗan. Ƙofar, da gangaren nan da suke turo kujeru ta kai, da babbar tagar falo inda suke jera su bayan abincin rana. Ban ɗaga kai sosai ba. Na ga jar rigar sanyi a kujera ta biyu daga hagu, wadda na saya wa Elza a kasuwar Oudenaarde, ta ce kalar ta yi mata yarinta amma ba ta taɓa cire ta ba.

Ashe makirci ne. Ba maganar shekaru ba ce, ba maganar ƙafa ba. Sun zauna sun ƙulla, sun ɗauke ni daga wurina sun dasa ni inda doka ta hana ni kawar da kai. Sun san ba zan waiwaya ba ko sama za ta faɗo. Da dokata suka ɗaure ni.

Na manta hatsin.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Na kira Marleen a wurin aikinta.

"Ke da Staf."

"Da Irma," ta ce. Ko kunya babu.

"Za ki fito da ita gaban duk gari, in tsaya kamar gunki da hannu a sama, ta tambayi mutane wane ne wancan mahaukacin?"

"Mai yiwuwa haka za a yi, Baba. Ban yi maka alkawarin komai ba."

"To don me?"

"Don tun ranar Litinin take jin ana gwada lasifika a gari, tana tambaya ko an ɗora miya. Ni zan fito da ita ko kana nan ko ba ka nan. In ba ka nan, wani za ta gani a cikin rigar."

Na ce ba zan zo ba. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata, da ta zage ni ya fi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Na wanke rigar don ta yi datti ne.

Juma'a, ƙarfe biyar

Na dafa miyar albasa da dankali. Ta yi ruwa. Ban san me take sawa ba, ban taɓa tambaya ba. Flas ɗin yana warin kabad.

Asabar, 1 ga Maris, bayan magariba

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma bari in rubuta kafin Staf ya fara ba da labarin yadda ya ga dama.

Na isa da wuri. Iska daga yamma, da ɗan yayyafi, irin ranar da ake kira tsere. Layin da na ce ko kare ba ya bi, kafin azahar na mayar da motar kai magani, da wani Baholande da ya ɓata, da wata mata da ta ce ita minti ɗaya kawai za ta yi. Na ce mata minti ɗayan nan ne ake binne mutane da shi. Wurin yana buƙatar mutum, wannan kam gaskiya ne, ko da yake ba zan faɗa wa Staf ba.

Sai suka fara turo su. Kujera bayan kujera, kowa da bargo a gwiwa da 'yar tuta mai hoton zaki a hannu. Marleen ta kawo Elza daidai gabana ta taka birki. Na sa ido a kan rufin gidan. Daga baya na sauke.

Ta rame. An yanke mata gashi yadda ba ta so. Ta dube ni kamar yadda ake duban sandar fitila, ta kawar da kai tana jan zaren bargo. Matar mai nama tana gefe tana kallona, tana kallonta, bakinta har ya fara motsi da labarin da za ta kai. Na ce a raina shi ke nan, Odiel, ka sha, kuma kai ka kawo kanka.

Motar jar tuta ta wuce. Na shiga tsakiyar layi, na hura usur, na ɗaga faifai.

Da ƙarar usur ɗin ta ɗago kai. Jirgin ya taso ta bayan coci, tagogi suka fara rawa. Babura suka wuce. Na ga ta dafa hannun kujera tana son miƙewa, Marleen ta riƙe ta, ta buge hannun Marleen. Ta miƙa wuya ta leƙa ta saman kafaɗata, ta dama, inda ta saba.

"Uku sun ɓalle," ta ce. Da muryarta ta da, wadda ake ji daga gona. "Ɗaya namu ne. Na bayan bakinsa a buɗe, ba zai kai ba."

Iskarsu ta ɗaga mini riga. Na tallafe hannuna da ɗayan.

"Ga garken nan. Odiel, ɗaga hannun da kyau, ya karkace. Kar ka waiwaya, kan dutse."

Ban waiwaya ba. Ko da na so ma ba abin da zan gani, iskar yamma tana sa ido ruwa, kowa ya san haka.

Aka daɗe ana wucewa, motocin kaya, waɗanda aka bari a baya, tana ta ƙirga mini su tana tsaki. Da koriyar tuta ta wuce na sauke faifai, na zuba miya a murfi na miƙa mata. Ta kurɓa ta yatsine fuska ta ce, "Wa ya dafa wannan?" Na ce ni. Ta ce, "Shi ya sa." Muka shanye tare.

Sai na yi wauta. Zufa ta dame ni, na tuɓe rigar na rataya a hannu, na ɗora faifan a ƙasa don in gyara mata bargo. Ta ja ƙafarta. Ta dubi Marleen ta ce, a hankali, da ladabin da take yi wa baƙi, "Wannan bawan Allah fa, tare muke?"

Marleen ta buɗe baki. Na ce ta yi shiru. Na mayar da rigar na ɗaure.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina ka shiga tun ɗazu?"

Na ce ina nan.

Staf ya iso a kan kekensa yana haki, wai Dirk ya yi ƙoƙari, sau ɗaya kawai ya waiwaya. Ya ce in har ina son Kwanar Coci a sauran ukun, zai yi magana. Na ce ya riƙe kwanarsa, ba na karɓar sadaka daga maƙirai, kuma ya aika a share lakar nan kafin wani ya karya ƙugu.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na je.

Da rigar na je, da faifai a hammata, ta tsakiyar gari ana fitowa daga coci. Wanda zai yi dariya ya yi. Mai gadin ƙofa ya ce tseren ai jiya ne, Baba. Na ce ya kula da ƙofarsa.

Sun kunna na Kuurne a talabijin ɗin falo. Na ja kujera na ajiye a gabanta, na juya wa talabijin baya. Wata ma'aikaciya ta zo za ta gyara mini zama, wai ba na gani. Kafin in yi magana Elza ta ce, "Bar shi, aiki yake yi."

Kofinsu kamar ruwan wanke kwano. Kuma hitar nan da gaske tana ƙara, Laraba zan zo da sifana.

Jarida ta ce biyar ne suka ɓalle jiya a cikin garinmu. Jarida ba ta wurin. Uku ne, ɗaya namu.